Wutar da Ɓera Ya Sa Aka Kunna a Gonakin Raken Queensland

A da, shekara da shekaru, duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Townsville ta nufi Cairns, a arewacin jihar Queensland ta ƙasar Ostireliya, tsakanin watan Yuni da Disamba, idan magariba ta kawo jiki zai tarar da gonakin rake suna ci da wuta. Da gangan ake cinna ta, bayan iska ta lafa. Cikin 'yan mintuna ta lashe ganye ta bar karan a tsaye baƙi ƙirin, da asuba masu adda su shigo. Baƙi sun yi ta ɗaukar hotonta har ta zama tambarin yankin, kuma yawancinsu sun ɗauka dabarar manoma ce don girbi ya yi sauƙi. Alhali kuwa manoman da kamfanonin sukari yaƙar wutar nan suka yi tun farko. Leburori ne suka tilasta a kunna ta, bayan sun ga abokan aikinsu suna kwantawa da zazzaɓi, ido ya kaɗa jajur, jiki ya koma ruwan ɗorawa, fitsari ya ɗauke, a kwana goma a ɗauki gawa.

Raken Queensland tun asalinsa a kan gumin baƙi ya tsaya. Daga 1863 zuwa 1904 an kwaso mutanen tsibiran tekun Fasifik, wasu da yaudara wasu da ƙarfi, a kan kwantiragi kusan 62,000. Da aka haɗa tarayyar Ostireliya a 1901, ɗaya daga cikin dokokin farko da majalisa ta yi ita ce ta korarsu, don ƙasar ta zama ta farar fata zalla. Aka mayar da mafi yawan waɗanda suka rage tsakanin 1906 da 1908. Sai dai rake bai san launin fata ba, dole wani ya sunkuya ya sare shi. Wannan giɓi ne Italiyawa suka cike. Jirgin ruwan Jumna ya sauke rukuninsu na farko, mutum ɗari uku da 'yan kai, a Townsville a 1891, amma tururuwar gaske ta zo ne bayan 1921 da 1924, lokacin da Amurka ta tsuke ƙofarta. Garin Ingham da ke bakin kogin Herbert, inda kamfanin CSR yake da masana'antun sukari na Victoria da Macknade, ya cika da su, haka Innisfail da Tully.

Aikin ƙungiya-ƙungiya ake yin sa, mutum shida, takwas ko goma, suna kwana a barikin kwano a gefen gona, kuma da nauyin tan ake biya, a raba daidai. Wanda ya yi sanyin jiki ya rage wa kowa kuɗi, don haka ba a kwanciya saboda ɗan zazzaɓi. Ana fita tun raɓa ba ta bushe ba, da singileti da gajeren wando, wasu da takalmin kyalle wasu ƙafa a ƙasa.

Ni ɗan manomin rake ne, a fadama na tashi, abincina kuma yau daga jinya nake samunsa a ɗakin wankin ƙoda, shi ya sa labarin nan ya kama ni ta fuska biyu. Wanda bai taɓa kutsawa cikin rake mai ganye ba ba zai gane abin da ake nufi ba. Gefen ganyen yanka yake yi siriri, ba ka ji sai gumi ya shiga. Ga ƙaiƙayin da ke jikin kubensa, mai maƙalewa a hannu da wuya. Kafin hantsi damatsa da ƙwauri sun cika da ƙananan tsaga waɗanda ko jini ba sa yi. Ƙarƙashin ƙafa kuma busasshen ganye ne jibge a kan laka, wurin da ɓera ya fi so a duniya: ga zaƙi a tsaye, ga inuwa, ga ruwa. Namu raken na sha ne da na mazarƙwaila, gona kaɗan, mutum ya sare abin da zai kai kasuwa ya fita. Su kuwa wata shida suke yi a ciki, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta.

A ƙarshen 1933 da cikin 1934 ruwa ya yi yawa a yankin Ingham. Ƙasa ta ƙi bushewa, ɓeraye suka hayayyafa, rake ya kwanta. Sai masu yanka suka fara zuwa wurin likitan garin, Gordon Morrissey, da wani zazzaɓi da bai yi kama da wanda aka saba ba. Yakan faɗo wa mutum farat ɗaya, da rawar sanyi da ciwon kai mai tsanani, da ciwon tsoka wanda ya fi tsanani a sha-raɓa, har mutum ba ya son a taɓa masa ƙafa. Ido ya yi ja ba tare da kwantsa ba. Yawancinsu bayan mako guda sukan miƙe. Amma akwai waɗanda ke samun ɗan sauƙi na kwana ɗaya ko biyu, iyali su fara hamdala, sai ciwon ya dawo da fuska ta biyu: shawara mai duhu wadda ta fi kusa da ruwan lemo, haɓo, jini a dasashi, fitsari yana raguwa har ya tsaya. Morrissey ya ce cutar Weil ce. Masu bincike biyu, Cotter da Sawers, suka bi sawu da gwajin ɗakin bincike suka tabbatar, suka wallafa a mujallar likitocin ƙasar a 1934. Ɗaya daga cikin nau'o'in ƙwayar da aka ware daga marasa lafiyar yankin shi ne wanda har yau ake kira Australis.

Dalilin da ya sa likitan ƙaramin gari ya iya kiran sunan ciwon shi ne wasu sun riga sun biya kuɗin sanin. Adolf Weil, malamin likitanci a Heidelberg ta Jamus, shi ya bayyana shi a 1886: zazzaɓi, shawara, kumburin saifa da ciwon ƙoda a tare. Bai san abin da ke kawo shi ba. Sai a 1915 Ryokichi Inada da Yutaka Ido na jami'ar Kyushu da ke Fukuoka suka sanar da cewa sun kama ƙwayar. Marasa lafiyarsu da yawa mahaƙa kwal ne, masu wuni tsaye cikin ruwan rami. Suka ɗibi jinin mara lafiya suka yi wa ɓeran Masar allura, ya yi shawara ya mutu, suka ga ƙwayar a hantarsa: siririya, murɗaɗɗiya, mai lanƙwasa a baki. Ba a jima ba Ido da abokan aikinsa suka nuna inda take ɓuya. A ƙodar ɓera take zama, ba ta yi masa komai, yana zubar da ita a fitsari muddin ransa. Idan ta sami ruwa ko laka mai danshi takan yi makonni da rai, ta shiga mutum ta tsagar fata, ko ta ido da baki da hanci. Rana da bushewa ke kashe ta. A daidai wannan lokaci likitocin Jamus su ma sun gano ta a jikin sojojinsu, domin ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya mahaƙa ce ta wani fannin, ruwa har gwiwa da ɓeraye masu ƙiba.

Akwai wani reshe na labarin da ya biyo ta wajenmu. Hideyo Noguchi na cibiyar Rockefeller, wanda ya raɗa wa ƙwayar suna Leptospira, ya je Guayaquil ta ƙasar Ekwado a 1918, ya sami ƙwayar a jinin mutanen da aka ce masa zazzaɓin shawara ke damunsu, ya shelanta wa duniya cewa ya gano musabbabin zazzaɓin shawara. Har rigakafi ya haɗa. Ashe masu cutar Weil aka haɗa masa a ciki, don a ido cututtukan biyu kusan ɗaya suke. Aikin da hukumar Rockefeller ta yi a Yaba ta Legas da kuma Akra ne ya rushe wannan zance a 1927, aka nuna cewa ƙwayar zazzaɓin shawara bairos ce. Adrian Stokes, wanda ya san cutar Weil tun ramukan yaƙi a Flanders, yana cikin masu aikin, kuma zazzaɓin shawara ya kashe shi a Legas a watan Satumba na shekarar. Noguchi ya zo da kansa don ya kare matsayinsa, shi ma ciwon ya kashe shi a Akra ranar 21 ga Mayu, 1928. Idan gwanin da duniya ke ji da shi ya rikita su da madubin bincike a gabansa, ba na ganin laifin ma'aikacin lafiyar ƙauye da ya ga ido rawaya ya ce shawara ce kawai.

To, Morrissey ya san sunan ciwo, ya san hanyarsa. Me ke hannunsa? Kusan babu. Fenisilin bai shigo asibitoci ba sai bayan 1940. Injin wankin ƙoda babu shi a ko'ina a duniya. Wanda ƙodarsa ta tsaya sai a kwantar da shi, a auna ruwan da zai sha, a jira ko za ta farka kafin guba ta kai shi. Tunda magani ya gagara, hankali ya koma gona, kuma shawarar da ta fito ita ce a ƙone raken kafin a sare. Wuta tana korar ɓera, tana busar da saman ƙasa, tana cinye ganyen da ke tsaga fata da sharar da ke riƙe danshi.

Nan kuɗi ya shigo. Raken da aka ƙona ba ya jira, daga lokacin da wuta ta taɓa shi zaƙinsa ya fara lalacewa, in ba a kai shi injin matsa cikin kwana ɗaya ko biyu ba an yi asara. Manoma da masu masana'anta suka ce a'a, a dai sa gubar ɓera, leburori kuma su sa takalma da dogayen riguna. A takarda shawarar ba ta da aibu. Amma wanda ya ba da ita bai taɓa sunkuyawa da adda a zafin Nuwamba na wannan yanki ba, inda iska kanta jiƙe take, kuma ana biyan mutum da nauyin abin da ya sare. Masu yankan ma ba riba suka hango ba, domin kuɗin tan na ƙonannen rake ya fi na ɗanye ƙasa, ga toka da danƙon sukari da ke mayar da mutum baƙi tun daga gashi har yatsa. Sun zaɓi ragin kuɗi da dauɗa a kan ciwon.

A 1934 masu yankan Ingham suka ajiye adduna. Cikin jagororinsu akwai Francesco Carmagnola, ɗan Italiya mai adawa da mulkin Mussolini. Suka sami umarnin kotun ƙwadago na a riƙa ƙonawa a gundumarsu. Shekara ta zagayo, masu gona suka koma kotu aka sassauta umarnin, ya zama ba a ƙonawa sai jami'in lafiya ya duba gona ya ba da takarda. A watan Agusta na 1935 yajin aiki ya ɓarke a Mourilyan, ya bazu zuwa Tully da sauran yankin Innisfail da Ingham. Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan yaji shi ne babbar ƙungiyar ƙwadagon da leburorin ke biya wa kuɗin wata, wato AWU, ba ta goyi bayansa ba. Dama akwai jiƙaƙƙiya, domin a 1930 ita ce ta ƙulla yarjejeniya da masu gona cewa kashi 75 cikin ɗari na masu yanka su kasance 'yan asalin Birtaniya. Ɗan Italiya ya san matsayinsa a wurinta. 'Yan kwaminis ne suka riƙe ragamar yajin, suka haɗa Bature ɗan ƙasa da Italiyawa da Yugoslabiyawa da Sifaniyawa a kwamiti ɗaya, mata suka kafa tukwanen ciyar da masu yaji. Aka turo 'yan sanda daga kudu, aka fitar da mutane daga bariki, aka kawo wasu su yi aikin. Bayan kimanin wata biyu yajin ya karye.

A lissafin ranar, sun faɗi. Amma a watan Yuli na 1936 kotun ƙwadago ta ba da umarni na bai ɗaya cewa a ƙone rake kafin yanka, abin da suka fita nema ke nan. Marubuciya Jean Devanny, wadda ta zauna cikinsu lokacin yajin, ta fitar da littafinta Sugar Heaven a kansa a wannan shekara. Yankin ya daɗe ana yi masa kirari da Jar Arewa, kuma a 1944 mazaɓar Bowen ta tura lauya Fred Paterson majalisar jiha, ɗan kwaminis ɗaya tilo da ya taɓa zama a wata majalisar dokoki a Ostireliya. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe maza, masu gonar da suka yi ta ƙin wuta suka rungume ta, don sun ga mutum ɗaya yana sare ƙonannen rake fiye da ɗanye. Daga nan ta zama al'ada, aka manta da mafarinta.

Wani abin dariya mai ciwo: a 1935 ɗin nan, lokacin da ake ce wa leburori shawararsu ba ta da tushe, masana harkar rake suka shigo da manyan kwaɗi 102 daga Hawai, suka hayayyafa su kusa da Gordonvale suka saki, wai su cinye ƙwaron da gwazarmarsa ke cin saiwar rake. Ƙwaron bai ji komai ba. Kwaɗin kuwa, masu dafi, yau sun mamaye arewacin ƙasar suna kashe namun dajin da suka haɗiye su.

Abin da Morrissey ya rasa, daga baya aka ƙera shi, gutsure-gutsure, kuma ba don wannan ciwo ba. Willem Kolff ya haɗa injin wankin ƙoda na farko a garin Kampen na Holan a 1943, ƙasar tana ƙarƙashin mamayar Jamus, da ganga mai juyawa da ledar da ake ɗura tsiran nama a ciki. Marasa lafiyarsa na farko duk sun mutu, sai a 1945 wata tsohuwa mai shekara 67 ta tashi. A Kofanhegan kuma, lokacin annobar shan inna ta 1952, Bjørn Ibsen ya sa aka huda maƙogwaron waɗanda numfashinsu ya gaza, ɗaliban likitanci suna matsa jakar iska da hannu dare da rana, kuma a 1953 ya buɗe ɗakin da ake ɗauka shi ne sashen kulawa ta musamman na farko.

Mai tsananin cutar fitsarin ɓera yana buƙatar duka biyun, sau da yawa a dare ɗaya, kuma a nan wahalar jinyarsa take. Ƙwayar tana lalata bangon ƙananan jijiyoyin jini a ko'ina, don haka gaɓoɓi ba sa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, tare suke durƙushewa. Da farko ƙodar takan yi ta zubar da ruwa da sinadarin fotashiyam, mutum ya bushe, jininsa ya sauka. A wannan mataki ƙarin ruwa da fotashiyam kan iya ceton ƙodar. Amma huhunsa yana iya tsiyayar jini a ciki, ga ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun ragu, kuma ledar ruwan da ta taimaki ƙoda ita ce za ta iya nutsar da huhu. Mai jinya yana tsaye ne tsakanin gaɓoɓi biyu masu buƙatu kishiyoyin juna, yana auna fitsari awa-awa. Idan jini ya ƙi hawa, gara a sa maganin ɗaga shi ta jijiya da a yi ta ɗura ruwa. Ana ba da fenisilin ko seftiriyazon tun kafin sakamakon gwaji ya dawo, don gwajin yakan makara, kuma akan sa ido bayan allurar farko saboda jiki kan yi wata jijjiga idan ƙwayoyin suka fara mutuwa da yawa. Idan huhu ya cika, sai na'urar numfashi, ana hura iska kaɗan-kaɗan don kada a ƙara yaga shi. Wannan zubar jini ta huhu, wadda duniya ta farga da ita sosai bayan ɓarkewar Nikaragwa ta 1995, takan kashe fiye da rabin waɗanda ta kama.

Ɓangaren da ya shafi aikina shi ne lokacin fara wanki. A asibitin Emílio Ribas na birnin Sao Paulo a Burazil, likitoci sun kwatanta rukuni biyu na masu wannan ciwo da ke kan na'urar numfashi, suka wallafa a 2007. Waɗanda aka jinkirta musu wanki kuma ake yi musu kwana ɗaya a tsallake ɗaya, kashi 66.7 cikin ɗari suka mutu. Waɗanda aka fara musu da wuri kuma kullum, kashi 16.7. Mutanen ba su da yawa, 33 ne duka, don haka ba na ɗaukar alƙaluman kamar saukakku, amma sun yi daidai da abin da hankali ke bayarwa. Kuma ga abin da ya bambanta wannan wanki da wanda muka saba yi wa masu ciwon suga da hawan jini: na ɗan lokaci ne. Ƙodar da wannan ƙwaya ta tsayar galibi takan farka cikin makonni, hanta ma ta warke, idon ya washe. Dangi kan ji kalmar wankin ƙoda su yanke ƙauna, suna lissafin gonar da za a sayar har ƙarshen rai, alhali wannan mara lafiya rance kawai yake nema na 'yan kwanaki.

A Queensland ɗin kanta, wani bincike da aka wallafa a 2019 ya bi marasa lafiya 55 da cutar ta kai sashen kulawa ta musamman a arewacin jihar cikin kusan shekara ashirin. Biyu ne suka rasu. Alhali ƙasa ɗaya ce da ta masu addan 1934, ruwa ɗaya da ɓera ɗaya. A duniya baki ɗaya kuwa, ƙiyasin da aka fitar a 2015 ya ce mutum kusan miliyan ɗaya ke kamuwa duk shekara, kimanin 58,900 su mutu, mafi yawansu a wuraren da injin wankin yake nesa ko ya fi ƙarfin aljihu.

Sana'ar yanka da hannu ta mutu kafin 1980, injina suka karɓe ta. Da ya zama ba fatar mutum ke shiga cikin ganye ba, dalilin wutar ya kau, aka koma girbin ɗanye ana barin ganyen ya rufe ƙasa ya riƙe danshi. A yankin Burdekin ne kawai ƙonawa ta ci gaba sosai, saboda kaurin rakensu da ban-ruwan da shara ke toshewa. Ciwon bai bi sana'ar kabari ba, ya sauya gona. Yanzu ma'aikatan gonakin ayaba na Tully da Innisfail, masu saɓa nonon ayaba a kafaɗa inda ɓeraye suka kwana, da masu kiwon shanun madara, su ne kan gaba a masu kamuwa.

A wajenmu kuma, a 2015 masu bincike sun wallafa sakamakon tarkon da suka kafa wa ɓeraye a unguwannin Yamai. Ba a zaci samun ƙwayar a gari mai zafi da bushewa irin wannan ba, kuma a ɓerayen cikin gidaje ba a same ta ba. A lambunan bakin kogin Kwara aka same ta, a jikin gafiya da ɓeran ciyawa, wurin da ake noman latas da kabeji da ban-ruwa. Masu lambun nan cikin laka suke wuni da ƙafa a ƙasa, kuma idan zazzaɓi ya kai ɗayansu asibiti, gwajin maleriya ake fara yi masa, sau da yawa a kansa ake tsayawa.